Layin Maƙera a Ƙasar Tsaskiya da Harsashin da Ba a Samu

A kasuwannin ƙauye na ƙasar Safana da Batsari, daga Tsaskiya zuwa Runka har a dangana da Ruma, ba a tambayar inda layin maƙera yake. Ƙarar guduma a kan uwar maƙera ce ke nuna hanya. Sai ka wuce masu awon gero da dawa, ka wuce tarin rogo da dankali da rumfar masu nono, sannan ka iske su can gefe, inda hayaƙin gawayi ba zai dami masu sayar da atamfa ba. Yaro na zuga, maƙeri na juya jan ƙarfe da awartaki, a gabansa an baje fartanya da garma da lauje da gatari. Da can waɗannan ne ke tafiya da kasuwar, musamman idan damina ta kawo kai. Yanzu barandami da adda da kan mashi sun matso gaban shimfiɗa, kuma mai sayensu ba ya jiran damina.

Kusa da maƙera akwai dukawa, masu ɗinka kube da burgame da layu da guru. Gaba kaɗan mai tebur ya jera tocila da batir da usur, domin wanda zai kwana yana gadin gari yana bukatarsu kamar yadda yake bukatar makami. Duk wannan ciniki a fili ake yin sa, ana taya ana sallamawa. Bindigar toka kuwa, wadda ake kira harba-ka-ruga, tun kaka da kakanni kayan mafarauta ce, ta harbin zabon daji da zomo da gada a bakin Dajin Rugu. Ta baki ake ɗura ta, harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗuri, in ruwan sama ya taɓa albarushinta sai ta ƙi tashi. Dokar makamai ta 1959 ta san da ita, ta kuma bar maganar lasisinta a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

To, a ce wani dattijo ya gaji libarba daga mahaifinsa, tsohon soja, ƙaramar bindigar nan mai gida shida da ke juyawa. Shekara da shekaru tana naɗe cikin tsumma a ƙasan adaka, sai yanzu da dare ya daina zama lokacin barci ya tuna da ita. Ya zo rumfar maƙeri, ya jira mutane suka ragu, ya rage murya ya tambayi harsashinta. Amsar da zai ji ba ta wuce wannan ba: “Baba, ka yi haƙuri, wannan ba aikinmu ba ne. Ko an ce maka ga shi can, kada ka je, kuɗinka za su ci su bar ka da tsiya.”

Gaskiya maƙerin ya faɗa masa. Kowace bindiga da faɗin bakinta, kuma ba ta karɓar harsashin wata. Libarbar da hafsoshin Ingila suka riƙe a zamanin mulkin mallaka ita ce Webley, ƙirar birnin Bamingham, mai bakin inci 0.455. Samfurinta na shida ya shiga aikin soja a 1915, a 1932 aka sauya ta da Enfield mai bakin inci 0.38, daga baya sojojin suka bar libarba gaba ɗaya suka koma ƙaramar bindiga mai cin harsashin milimita 9. Tun da rundunar da ke saye da yawa ta daina saye, masana'antu ma suka ja baya. A Ingilar kanta an hana farar hula riƙe ƙananan bindigogi a 1997, bayan kisan 'yan makaranta a garin Dunblane a 1996. Abin da ya rage na irin wannan harsashi ya koma hannun masu tara kayan tarihi a ƙasashe irin su Amurka. Wanda ya kwana shekara sittin cikin zafi da laimar ƙasarmu ba abin dogaro ba ne, wanda kuma aka cusa da ƙarfi alhali ba girmansa ba ne yana iya fasa bindigar ya tafi da yatsun mai ita.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne, duk sauran kayan libarbar suna nan a kasuwa. Baduku zai auna ta da zare ya ɗinka mata gida na jan fata kafin la'asar, har da maɗauri na ɗamara. Man shafe ƙarfe yana wurin mai gyaran keke. Abu ɗaya ne babu, kuma in babu shi, ƙarfe ne kawai dattijon ke riƙe da shi.

Ga kuma doka. Dokar 1959 ta sa libarba da sauran ƙananan bindigogi cikin jerin haramtattun makamai, layi ɗaya da bindigogin soja, ba mai ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa, hukuncin mallakarsu ba izini kuwa ɗauri ne da ba ya gaza shekara 10. Ko lasisin bindigar farauta mai baki biyu, Sufeto Janar na 'yan sanda ya dakatar da bayar da sabo a watan Agustan 2023. Saboda haka mai libarbar gado ba shi da wata halattacciyar ƙofa sai ta ofishin 'yan sanda, inda zai miƙa ta ya huta.

Amma kowa a Safana ya san akwai wata kasuwar da ba ta da rumfa ba ta da rana, kuma ita harsashi bai taɓa yanke mata ba. Dalili shi ne ba ta bin bindiga mai wuyar sha'ani. AK-47 take bi, wadda rundunoni da yawa a Afirka ke riƙe da ita, ga harsashinta iri ɗaya daga Libiya har gabar teku, kwanso guda na ɗaukar 30. Ƙungiyar binciken makamai ta Conflict Armament Research ta duba bindigogin da aka kama a Katsina da Zamfara da Kaduna, ta fitar da rahoto a Janairun 2020. Ta gano wasu daga rumbunan Libiya suka fito bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, wasu daga na sojan Kwaddibuwa, wasu an shigo da su daga Turkiyya ta tashar jirgin ruwan Legas, wasu kuma na jami'an tsaron Nijeriya ne. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce zuwa ƙarshen 2018 akwai bindigogi 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Wannan lissafin gwamnati ne da kanta.

Manomin Tsaskiya a tsakanin kasuwannin nan biyu yake. Wadda yake iya shiga da rana tana ba shi barandami da bindiga mai harbi ɗaya, wadda ba ya gani tana ba ɓarayin daji abin da ke ɓarin wuta ba tsayawa. Mutanen Tsauwa da Ɗankar a ƙasar Batsari sun ga bambancin a Fabrairun 2020, daren da aka kashe musu mutum 30. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya fito ya ce mutane su nemi makami su kare kansu, sai dai bai ce ga inda talaka zai samu da lasisi ba. A ƙarshen Agustan shekarar ya hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Safana da Batsari, aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, daga baya aka katse layin waya. An yi ne don a toshe wa ɓarayi hanyar abinci da mai, amma da kara ta mutu, dillali da mahauci da mai tuwo-tuwo da maƙeri duk sun ji a jikinsu, don wanda bai sayar da akuya ba ba ya sayen garma.

A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, matasa kusan 1,500 daga ƙananan hukumomi takwas na bakin daji. Ina ganin wannan ya fi a bar kowa ya nemi nasa, domin makamin da ke hannun wanda aka horar, aka rubuta sunansa, ana iya tambayarsa ina ya kai harsashin da aka ba shi. Maƙeri ma ya fi samun natsuwa, shi da ke tsaka mai wuya: in ya gyara wa mafarauci kunamar bindiga yana tsoron a kama shi da ƙera makami, in ya ƙi a ce ba ya kishin garinsu.

Washegarin kowane hari, yara na tsintar kwanson harsashi a bakin gona da ƙofar gari, wasu su yi wasa da shi, wasu ya ƙare a buhun masu sayen gwangwan. A gindin yawancin kwanson nan akwai tambarin masana'antar da ta yi shi da shekarar da aka yi shi. Da wannan tambari masu bincike ke bin sawu su gane ko daga waje ya shigo ko daga rumbun cikin gida ya zurare. Akwai Cibiyar Ƙasa ta Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai da aka kafa a 2021, akwai ofisoshin 'yan sanda a Safana da Batsari, akwai dagatai da masu unguwanni da suka san wace gona aka yi harbi. Ya kamata a riƙa tattara kwanson ta hannunsu, a rubuta gari da rana, a kai inda za a karanta tambarin, sannan a gaya wa mutanen Tsaskiya daga wane rumbu ya fito.