Masu Riƙon Amanar Bakolori: Sana'ar Kula da Abin da Aka Gina

A cikin manyan ayyukan da Gwamnatin Tarayya ta zuba wa dukiya a zamanin da kuɗin man fetur ya fara tumbatsa, akwai madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gitta wa Gulbin Sakkwato tsakanin Maradun da Talata Mafara, bango na ƙasa da kankare mai tsawon kilomita 5 da rabi, wanda ya tare ruwan da aka ƙiyasta ya kai kubik mita miliyan 450, ya mai da gonaki da ƙauyuka tafki mai faɗin hekta 8,000. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya kama aikin a 1974, ya gama bangon a 1978, kuma duk mai son sanin waɗanda suka zana da waɗanda suka gina zai same su a rubuce. Amma mutanen da suka karɓi mabuɗan bayan baƙi sun naɗe kayansu, waɗanda yau fiye da shekara 40 suke shafa wa ƙofofin ruwa giris, suna yashe magudanai, suna zagaya bangon don neman inda ya fara yoyo, da ƙyar za ka sami wanda ya ɗauki aikinsu sana'a mai ilmi da ƙa'ida, balle ya tambayi inda suke ƙaro sani.

Ya kamata mai karatu ya fara fahimtar ko wane ne wannan ma'aikaci, domin sau da yawa akan gama shi da magini ko makaniki ko mai gadi, alhali kuwa aikinsa ya bambanta da nasu duka, ko da yake da hannuwansu yake aiki. Mai kula da gine-gine da kayan aiki shi ne wanda ya san adadin abin da aka ba shi amana, da shekarun kowane inji, da ranar da ya kamata a sake masa mai tun bai yi gardama ba, da kuɗin da hakan zai ci a shekara, da wanda za a kira in abu ya faskara. A babban asibiti, shi ne ke da alhakin kada janareta ya mutu ana tsakiyar tiyata, kada firjin allurar rigakafi ya ɗumama, kada rijiyar burtsatse ta ƙafe ba a shirya ba. A madatsar ruwa kuwa al'amarin ya fi haka haɗari, sabili da bangon ƙasa yana da abokan gaba waɗanda ba sa shela: gara, da gafiya mai haƙa rami, da saiwar itacen da aka ƙyale ya tsiro a jikinsa, da ruwan da ke tsatsafowa ta ƙarƙashi, wanda in aka ga ya fara fitowa da laka maimakon garau, to, bangon ne ke zaizayewa daga ciki. Wanda bai koyi karanta waɗannan alamomi ba zai iya wucewa ta kansu kullum safiya yana cewa lafiya lau.

Ba baƙuwar hikima ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu, da suka zauna cikin sorayen ƙasa, sun san cewa gini ba ya ƙarewa ranar da aka tare a cikinsa, don haka kowace shekara kafin saukar damina akan hau rufi a yi yaɓe, a gyara indararo, a shafa makuba, a duba azara ko gara ta taɓa ta. Birni kuma yana da Sarkin Magina, ganuwa tana da gayyar da ake kira don toshe inda ta zube. Har yau mutanen Jenne ta ƙasar Mali suna fitowa ƙwai da kwarkwata sau ɗaya a shekara su yaɓe babban masallacinsu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa, ya lissafa raya kasuwanni da hanyoyi da kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba. Malaman fiƙihu kuma, da suka zo babin wakafi, sun ɗora wa naziri, wato mai jiɓintar dukiyar, cewa daga abin da wakafin ya samar a fara cire kuɗin gyaransa kafin a raba wa masu haƙƙi ko anini, har malaman Malikiyya suka tafi a kan cewa ko mai wakafin da kansa ya gindaya sharaɗin kada a fara da gyara, ba a bin wannan sharaɗi. Ni dai ban ga wata ƙa'idar kasafin kuɗi ta zamani da ta fi wannan hukunci hangen nesa ba, kuma da ma'aikatunmu za su yi aiki da shi kaɗai, da rabin kukanmu ya ragu.

Abin da ya raba mu da wannan ɗabi'a, a ganina, abu biyu ne: siminti da kwano, waɗanda suka ruɗe mu muka zaci gini ya daina tsufa, da kuma kalmar nan ta “kayan gwamnati”, wadda ta mai da abin kowa ya zama na ba kowa.

Bakolori ta nuna wannan ƙarara. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ba da shawarar a yi ƙaramar madatsa, a bi al'amarin sannu a hankali, ba tare da an rushe tsarin noman da mutane suka saba ba. Amma da kuɗi ya samu sai aka zaɓi babba. Aka tanadi hekta 23,000 don noman rani, kusan 15,000 daga ciki za a shayar da su ta hanyar feshi, wato famfuna su tura ruwa cikin bututu ya fito yana yayyafi, sauran 8,000 kuwa ruwa ya gangaro musu da kansa ta magudanai. Feshin nan, duk kyansa a ido, yana bukatar lantarki ba yankewa, da kayan gyara daga ƙetare, da ƙwararrun da za su zauna a kansa dare da rana. An kuwa kafa masa injin lantarki na ruwa mai ƙarfin megawat 3, da na dizal mai megawat 7. Da tattalin arzikin ƙasa ya karye a shekarun 1980, kuɗin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, mai riƙe da madatsar, ya ja baya, sai famfuna suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, bututu suka yi tsatsa, wasu suka yi ɓatan dabo, har ya zama zuwa 2003 feshin ya tsaya cak, abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba, galibi shinkafa, a ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa. Lura da abin da ya rayu: wanda manomi zai iya gyarawa da shebur da fartanya. Da an zaunar da mai kula da kayan tun ranar da ake zane, aka tambaye shi abin da zai iya riƙewa da kuɗin da zai samu da hannuwan da yake da su, la'alla da zanen ya sauya, kuma wannan shi ne darasi na farko da ake koya wa masu wannan sana'a a yau.

Akwai kuma darasi mai ɗaci wanda bai halatta a tsallake shi ba. Manoman da aka tasa, da waɗanda aka hana noma shekara da shekaru ana daidaita filayensu, sun nemi diyya har suka tare hanyoyin aikin, kuma ranar 28 ga Afrilu, 1980, a zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da kewaye. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne suka rasu. Allah ya jiƙansu. Kadarar da maƙwabtanta suka fara saninta ta wannan fuska ba za su ɗauke ta tasu ba, kuma babu yawan masu gadin da zai maye gurbin wannan ɗauka.

Saboda haka ne shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da rancen kusan dala miliyan 495 don farfaɗo da noman rani a Bakolori da Goronyo da Kadawa da Haɗeja da Dadin Kowa, bai tsaya ga zuba kankare kaɗai ba. An gyara magudanai, an kama mai da wani ɓangare na tsohon filin feshi zuwa ban ruwa na gangare, amma ginshiƙin shirin shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa: manoman da ke sha daga magudana ɗaya su haɗu, su zaɓi shugabanni da ma'aji, su tara kuɗin ruwa, su yashe ƙananan magudanansu, su tsara wa zai sha yau wa zai sha gobe, hukuma kuma ta riƙe madatsar da manyan hanyoyin ruwa. Wannan a haƙiƙa faralin kifaya ne aka ba shi rajista da asusun banki. Ma'anarsa kuwa ita ce, a ƙasar Bakura da Mafara da Maradun yanzu akwai mutane da yawa waɗanda, ko sun sani ko ba su sani ba, sun shiga sana'ar kula da kadarori, kuma suna bukatar irin ilmin da takwarorinsu na birni ke nema: yadda ake rubuta shiga da fita, yadda ake auna aikin ɗan kwangila kafin a biya shi, yadda ake karɓar kuɗi daga hannun mai ƙarfi wanda gonarsa ke bakin magudana, don na can ƙarshe ma ya sami ruwa. Rance dai za a biya shi, kowane shiri kuma yana da wa'adi, in ya cika motocinsa su koma Abuja.

A duniya, wannan sana'a ta yi nisa wajen tsara kanta. An kafa ƙungiyarta ta IFMA a Amurka a 1980, hedkwatarta tana Hustan, tana shirya jarrabawa tana ba da takardun shaidar ƙwarewa, kuma tana da reshe a Nijeriya tun shekarun 1990. Kowace shekara cikin watan Mayu akan ware rana don tunawa da masu wannan aiki, a 2018 kuma aka fitar da ma'auninsa na duniya mai lamba ISO 41001. A nan gida, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Umarnin Zartarwa na 11 a watan Afrilu na 2022, wanda ya wajabta wa ma'aikatun Tarayya kafa sashen kula da gine-ginensu. Duk wannan alheri ne, sai dai tarurrukan da bitocin galibi a Legas da Abuja ake yin su, da Turanci, a kan dogayen benaye na bankuna da kamfanonin mai, kuɗin shiga kuma ya fi ƙarfin albashin jami'in ayyuka na ƙaramar hukuma, wanda sau da yawa ko labarin ma ba ya zuwa masa.

Alhali wuraren koyo ba su yi mana nisa haka ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana ba da digiri na biyu a wannan fanni. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna tana horar da ma'aikatan ruwa. A Talata Mafara kanta akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, wadda aka kafa a 1992 kuma take ɗauke da sunan injiniya, ga Jami'ar Jihar Zamfara, ga kwalejin aikin gona a Bakura. Ƙananan hukumomin nan uku na Bakura da Talata Mafara da Maradun, kowacce ta fitar da gwamna tun da aka ƙirƙiri jihar a 1996, Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun, don haka makarantu da asibitoci da ofisoshin da ke bukatar mai kula ba su yi ƙaranci ba. Abin da nake ganin ya dace shi ne gajeren kwas na mako biyu ko uku, da Hausa, a bakin magudana da cikin ɗakin janareta, wanda zai haɗa jami'in ayyuka da mai kula da asibiti da sakataren ƙungiyar manoma a benci ɗaya, a ba su takardar shaida wadda za ta yi amfani wajen ƙarin girma, in ba haka ba kuwa ba wanda zai zo karo na biyu. Malamansa na farko su kasance tsofaffin ma'aikatan da suka yi aiki tare da Italiyawa, waɗanda suka san inda kowane bututu ya bi a ƙarƙashin ƙasa, domin mafi yawansu sun yi ritaya, shekaru kuma sun ja, abin da ke cikin kawunansu ya kamata a zauna da su a rubuta shi tun suna da ƙarfin nunawa da yatsa. In kuma waɗanda suka yi kwas ɗin za su riƙa haɗuwa bayan kowane wata uku, wannan ya faɗi inda ya samo kayan gyara na gaske, wancan ya faɗi irin batirin hasken rana da ya ci amanarsa, to ƙungiya ta kafu ke nan ko ba a buga mata hatimi ba.

Ba a ɓoye yake ba cewa rashin tsaro ya tsananta wa wannan yanki, kuma aikin da asalinsa zagaye ne a ƙafa, tun da asuba, a wuraren da ba kowa, shi ne ya fi cutuwa. Magudanar da ba a iya zuwa dubawa ba za ta cika da ciyawa da rairayi ko an rubuta ta a jadawali. A nan ma mutanen da ke kwana kusa da ita, waɗanda suka san lokacin da hanya ke da lafiya, su ne kaɗai za su iya, in an koya musu abin da za su duba da wanda za su kai wa rahoto.

Sai kuma wata mas'ala da ke dawowa kowace shekara, wadda ba injiniya kaɗai ke warware ta ba. Ba a gyara magudana da ruwa a cikinta, dole a rufe ƙofa ta bushe, kuma kowane makon da aka zaɓa akwai wanda shinkafarsa ba ta nuna ba, ko wanda ya yi sammakon zuba iri. In an bar hukuma ta yanke ita kaɗai, manoma za su fasa bakin magudana da dare. In an bar wa manoma, ba za a taɓa rufewa ba sai ta rufe kanta. Tilas ne a zauna tun kafin shuka, da jami'an hukuma da shugabannin ƙungiyoyi da wakilan Sarkin Kayan Maradun da Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura, a tsayar da rana, a yi shelarta a masallatan Juma'a da ranar kasuwa, sa'an nan a tabbata kuɗin siminti da na leburori suna hannu kafin ranar ta zo, domin in aka rufe ruwa mako uku ba a ga ana aiki ba, baɗi ba wanda zai yarda a rufe.