Ko Kun Sani? Bawana, In Ji Kowannensu

Daga Kwanar Dangora, idan mota ta miƙe Zariya, ba a daɗewa ake shiga ƙasar Zazzau. Iyakar jihar da ke wurin ba ta tsufa ba: a 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, Zariya kuma ta faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta zama Kaduna a 1976.

Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa kuwa ya girme ta nesa ba kusa ba. Bakano ya ce wa Bazazzagi "bawana", shi ma ya mayar masa da ita, ba ragi ba ƙari, ba mai fushi. Baƙo sai ya rantse gaba ce. Ina! Ai tarihin baka na Bayajida ya ce Bagauda na Kano da Gunguma na Zazzau duk 'ya'yan Bawo ne, kuma irin wannan tsokana ce taubasai ke yi a watan Cika-ciki, suna rigimar wa zai biya kuɗin shara.

Irin wannan wasa ba a nan kaɗai yake ba: a 2014 UNESCO ta sa wasan barkwancin ƙabilun Nijar cikin jerin al'adun duniya da aka gada.