Bethpage Black: filin golf na kowa da kowa da ke gargaɗin mai shiga tun daga ƙofa

A tsibirin Long Island, gabas da birnin New York na Amurka, akwai wani filin wasan golf da ake kira Bethpage Black. Kusa da wurin bugun farko an kafa allo da ke gargaɗin cewa filin yana da matuƙar wuya, ƙwararru ne kawai ake ba shawarar su buga a cikinsa. Duk da haka ba a hana kowa shiga, domin filin mallakar jihar New York ne. Direban tasi, malamin makaranta ko ɗan kasuwa, duk wanda ya biya kuɗi ya samu layi zai buga a inda manyan zakarun duniya suka buga.

A wasan golf ana buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa cikin rami, ana bin ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya yi nasara. Kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran ƙwararre zai yi, 3, 4 ko 5, wanda ake kira par. Jimillar par ɗin Bethpage Black 71 ne ga masu wasan yau da kullum, a manyan gasa kuma akan mai da shi 70.

An buɗe filin a 1936, lokacin da gwamnatin Amurka ke samar wa marasa aikin yi ayyukan gine-gine bayan karyewar tattalin arziki. Sunan A.W. Tillinghast ne ke kan zanensa, kuma yana ɗaya daga cikin filaye biyar da ke gandun Bethpage. A 2002 ya zama filin gwamnati na farko da ya karɓi gasar US Open. Tiger Woods ya lashe ta, kuma shi kaɗai ne cikin dukan ƴan wasan ya gama ƙasa da par. US Open ta dawo a 2009, gasar PGA ta zo a 2019, sannan a watan Satumba na 2025 aka yi gasar Ryder Cup, inda Turai ta doke Amurka da maki 15 da 13.

Wahalar mai wasan sha'awa takan fara tun kafin ya riƙe sanda. Ana iya kama layi ta intanet, amma guraben sukan ƙare da wuri. Shi ya sa wasu ke zuwa tun da yamma su jera motocinsu a wurin ajiye motoci, su kwana a ciki, don su samu guraben da ake raba wa waɗanda suka zo da kansu da asuba. Mazaunin jihar yana biyan ƙasa da dala 100, baƙo kuma kusan ninki biyu na abin da mazauni ke biya. Wannan araha ce ta sa aka yi ta guna-guni da aka sa tikitin kallon Ryder Cup ta 2025 na rana ɗaya a kan dala 750, fiye da jaka 400 na kuɗin sefa, a filin da jama'a ke ɗauka nasu ne.

Abu na farko da ke karya mai wasa shi ne nisa. Daga wuraren bugu na can baya, tsawon ramukan ya kusa kilomita 7, kuma ba a yarda da ƙananan motocin da ke ɗaukar ƴan wasa a sauran filaye ba. Da ƙafa ake bi, ana hawa tudu ana gangara, sau da yawa da jakar sanduna a kafaɗa, na tsawon awa biyar ko fiye.

Na biyu shi ne ciyawa da rairayi. Hanyar tsakiya da aka aske ba ta da faɗi, gefenta kuma ciyawa ce mai kauri wadda ke haɗiye ƙwallo ta kuma riƙe kan sanda. Ga manyan kwaruruwan rairayi masu zurfi, kamar wanda ya ratsa rami na 4. Ramuka da dama suna bisa tudu, irin na 15, don haka ƙwallon da ta zo tana gangarawa a ƙasa ba ta isa, sai an ɗaga ta sama ta sauka daidai. Ƙwararre yana da ƙarfin yin hakan daga nesa, mai wasan ƙarshen mako kuwa galibi ba shi da shi.

Hukumomin golf suna da ma'aunin da ke nuna yadda fili ke wahalar da matsakaicin ɗan wasa idan aka kwatanta da gwani. Ma'aunin yana farawa daga 55 ya tsaya a 155, kuma fili mai matsakaiciyar wuya yana kan 113. Daga wuraren bugu na baya, Bethpage Black yana kan 155, wato ƙarshen ma'aunin. Mutumin da ya saba gama wasa da bugu 90 a filin garinsu zai iya wuce 100 a nan ba tare da ya yi wasa marar kyau ba.

Dabarar da ta fi amfani ita ce mutum ya san iyakarsa. Ya zaɓi wurin bugu na gaba, wanda ke rage nisa sosai. In ƙwallo ta shiga ciyawa, ya fiddo ta zuwa hanyar tsakiya da gajeren bugu maimakon ya nufi rami kai tsaye. Ya kuma ɗauki bugu ɗaya sama da par a kowane rami a matsayin sakamako mai kyau, domin hakan zai ba shi 89. Wanda ya nace sai ya buga daga inda Tiger Woods ya buga, bayan ya kwana cikin mota ya kuma biya kuɗinsa, yakan yini yana neman ƙwallo cikin ciyawa, waɗanda ke bayansa kuma suna tsaye suna jiran ya matsa.