In Gaskiya Ɗaya Ce, Me Ya Raba Majami'un Damagaram?

A unguwar Zango ta Zinder akwai wani dattijon tela, Kirista, wanda mahaifinsa ya karɓi addinin a hannun Turawan mishan. Rabin rigunan sallar unguwar daga ƙarƙashin allurarsa suke fitowa. Wata ranar azumi ina zaune a bencinsa ina jiran ɗinkina, sai wani saurayi da ya zo gwajin kaftani ya gyara murya ya ce, "Baba, don Allah in tambaye ka, kada ka ji haushi. Ku Kiristocin garin nan ba ku da yawa, amma majami'unku sun kasu kashi-kashi. Wannan Katolika, wancan 'yan bishara, ga masu kiɗa da tsalle can. In gaskiyar ɗaya ce, me ya raba ku?"

Tsohon bai ɗaga ƙafa daga keken ba. Ya ce, "Ɗana, kai da kake sakin hannu a salla da yayanka da yake kamawa, alƙiblarku nawa?" Aka yi dariya, saurayin ya ɗauki kaftaninsa. Ni kuwa na tashi da tambayar a raina, don amsar tsohon ta yi daɗi a kunne amma rabin amsa ce. Tambayar yaron ta fi haka nauyi, ta kuma cancanci a bi ta a hankali.

Kiristoci da kansu ba su ɗauke ta wasa ba. A babi na 17 na Bisharar Yohanna, Almasihu ya roƙa wa mabiyansa haɗin kai, ya kuma ɗaura gaskatawar duniya a kan wannan haɗin kan. Manzo Bulus ya buɗe wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korantiyawa da tsawatar musu a kan ɓangaranci, kowa yana jingina kansa da malaminsa. Musulmi kuma ya san cewa Alƙur'ani, a Suratul Ma'ida da Suratu Maryam, ya ambaci saɓanin da ya faɗa tsakanin Nasara. Ashe duka ɓangarorin biyu sun yarda akwai ciwo. Inda za a tsaya a duba shi ne, wane irin ciwo ne, kuma me yake tabbatarwa.

Kiristanci ya iso Damagaram a rabe tun daga hanya. Mishan ɗin da ake kira SIM, wanda aka kafa a 1893, ya buɗe aikinsa na farko a ƙasar Nijar a Zinder a 1924, shekara biyu kafin Faransawa su ɗauke babban birni su mai da shi Yamai. Turawansa masu jin Ingilishi ne, akasari daga Amurka da Kanada, 'yan Furotesta masu bishara, daga Najeriya suka ƙetaro da Hausa a bakinsu. Katolika kuwa sun kafa mishan ɗinsu na farko a Yamai a 1931, daga baya suka iso Zinder, su kuma da Faransanci da makarantar boko. Hukumar mulkin mallaka ba ta taɓa sakin jiki da Turawan SIM ba, tana ganinsu kamar idon Ingila a ƙasarta. Saboda haka Badamagare bai daɗe yana ganin Kiristanci da fuska ɗaya ba. Tun da wuri ya ga Turawa iri biyu, da harshe biyu, kowanne yana cewa tasa hanyar ce miƙaƙƙiya.

Wannan rabuwar ta girmi Zinder da masarautarta nesa ba kusa ba. A shekara ta 451, a taron Kalsidon, an saɓa kan yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu a Almasihu, daga nan Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha suka kama tasu hanya. A 1054 Rum da Kustantiniya suka raba gari. A 1517 Martin Luther ya tayar da ƙura a Jamus, Furotesta suka fito. A 1906 farkawar titin Azusa a Los Angeles ta haifar da 'yan Fentikos, masu magana da harsuna da addu'ar warkarwa, waɗanda rassansu suka shigo Nijar ta Najeriya da Burkina Faso.

Cikin waɗannan, ta 1517 ce ta fi bayyana abin da saurayin nan ya gani a titi, don a nan ne aka saɓa kan alƙali. Idan malamai biyu suka karanta aya ɗaya suka fahimce ta daban, wa zai yanke? Katolika suka ce akwai kujerar hukunci: Paparoma da bishop-bishop, tare da al'adar ikkilisiya da aka gada tun manzanni. Shi ya sa majami'ar Katolika ta Zinder take ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun da aka kafa wannan yanki a 2001, shi kuma yana ƙarƙashin Rum, kuma ba za ka ga ta tsage biyu don limami ya yi fushi ba. Furotesta suka ce Littafi shi kaɗai ne alƙali, kowane mai bi yana da ikon karantawa. Wannan ya sa suka dage da fassara da yaƙi da jahilci, kuma Hausa ta ci ribar haka. Amma littafi ba ya buɗe baki ya ce wane ne ya fahimce shi daidai. Idan gardama ta ƙi ƙarewa, babu wanda zai buga guduma, sai wanda bai gamsu ba ya tattara mutanensa ya nemi wani rufin kwano. Yawan ɗariƙun Furotesta daga wannan ƙa'ida ya tsiro, kamar yadda gero ke yin 'ya'ya daga gindi ɗaya.

Kada a rage wa saɓanin nauyi. Katolika suna yi wa jariri baftisma, yawancin 'yan bishara na Nijar sai mutum ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa. Katolika sun gaskata gurasa da ruwan inabi na tarayya suna zama jiki da jinin Almasihu da gaske, da yawa cikin 'yan bishara sun ɗauke su abin tunawa. Katolika suna neman roƙon Maryamu da tsarkaka, ɗan bishara yana ganin hakan ƙari ne da ba shi da tushe. Ko adadin littattafan da ke cikin Littafi Mai Tsarki bai zo ɗaya ba: 73 a wajen Katolika, 66 a wajen Furotesta, bambancin duk a Tsohon Alkawari. A kan irin waɗannan abubuwa, gauraye da siyasar sarakuna, Turai ta yi yaƙin shekara talatin daga 1618 zuwa 1648, garuruwa suka zama kufai. Duk wanda ya ce wannan saɓanin reshe ne kawai bai yi wa tarihi adalci ba.

To amma a tsaya a lura da abin da ba su saɓa a kai ba. Katolika na Zinder, da ɗan bishara, da ɗan Fentikos, da Bakibɗe na Alƙahira, duk sun tsaya a kan aƙidar da aka tsara a Nikiya a 325 aka cika ta a 381: Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, an gicciye Yesu, ya mutu, ya tashi. Littattafai 27 na Sabon Alkawari da Katolika ke karantawa su ne ɗan bishara ke karantawa. Akwai ƙungiyoyi irin su Shaidun Jehobah da suka ƙi wannan aƙida, kuma saboda haka ne manyan ɗariƙun ba sa lissafa su a cikinsu.

A nan ne nake ganin tambayar saurayin ta kauce wa inda take nufi. Abin da Musulmi yake musu da Kirista a kai, wato Allah uku cikin ɗaya, da zaman Annabi Isa Ɗan Allah, da gicciye, shi ne daidai wurin da Kiristoci suka fi haɗa baki. A ce gobe duk majami'un Damagaram su rushe katangunsu su koma ƙarƙashin shugaba ɗaya, saurayin nan ba zai je a yi masa baftisma ba, don abin da ya hana shi yana nan daram. Haka shi ma telan, da a ce Musulmin duniya sun daina saɓani baki ɗaya, ba zai bar abin da ya gaskata ba. Rabuwar ɗaya ɓangaren hujja ce da muke ɗauka don tana kusa da hannu, alhali ainihin dalilinmu yana wani wuri.

Mu ɗauki ganin wata, tunda duk mun san zafinsa. Sau nawa Nijar ta ɗauki azumi ko ta yi salla yau, Najeriya sai gobe, har ƙauyukan bakin iyaka wajen Magarya da Matamai su rasa wanda za su bi? Wannan saɓani ya tabbatar da cewa wani ya yi kuskure a lissafi ko a gani. Bai tabbatar da cewa babu wata a sama ba. Haka saɓanin masu addini yake. Yana nuna cewa ba za a ce duka sun dace a kan abin da suka saɓa ba, yana kuma karya bakin duk mai cewa komai a bayyane yake kamar rana, wanda bai gani ba mugun nufi gare shi. Iyakar abin da yake iya nunawa ke nan. Ko an gicciye Almasihu ko ba a gicciye shi ba, yawan majami'u ba ya ƙara wa wannan tambaya ko rage mata ƙwayar gero ɗaya. Kuma mu Musulmi ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan da wannan wuƙa, don kaifinta biyu. Muna da mazhabobi huɗu na Sunna, ga Shi'a, ga Tijjaniyya da Ƙadiriyya, ga Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta bazu har cikin lungunan Zinder, ga rigimar ƙabalu da sadalu da ta taɓa raba masallatai a ƙasar Hausa. Ba mu taɓa yarda wani ya ce wannan ya rushe Musulunci ba.

Sai dai gaskiyar magana daban, yardar mai kallo daban, kuma a nan ne rabuwa take yin ɓarna ta gaske. Turawan mishan sun gane haka da kansu. Babban taron da suka yi a Edinburgh a 1910 ya fito da damuwar cewa gasar ɗariƙu tana kunyata saƙonsu a Afirka da Asiya, kuma daga wannan damuwa aka bi har aka kafa Majalisar Ikkilisiyoyin Duniya a 1948. A ƙasar Hausa ma sun yi ƙoƙarin haɗa hannu: cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima shekaru da yawa, aikin mishan fiye da ɗaya ne.

Ɓarnar ta fi muni idan rabuwar ba ta aƙida ba ce. Ikkilisiyar da ta fito daga aikin SIM, wadda ake kira EERN, ta tsaya da ƙafafunta a daidai lokacin samun 'yancin Nijar. Wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 ta dare, aka sami UEEPN da EESN mai laƙabin Salama. Littafinsu ɗaya, baftismarsu ɗaya, waƙoƙinsu na Hausa ɗaya. Abin da ya shiga tsakani ya fi karkata ga shugabanci da tafiyar da al'amuran ikkilisiya. A ƙasar da Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari ba bisa ƙidayar 2012, kowa ya san kowa, auratayya ta sarƙe gidaje, irin wannan tsagewa ba ta ɓoyuwa. Maƙwabci Musulmi bai san Kalsidon ba, bai damu da littattafai 73 ko 66 ba. Amma ya san wa da ƙane da suka daina zuwa majami'a ɗaya, ya kuma ji ana raɗe-raɗin wannan fasto ya janye tumakin wancan. Da wannan yake auna mai wa'azin ƙauna. Da irinsa ake auna mu ma, ranar da limamai biyu suka hau mumbari suna kafirta juna da lasifika.

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan an sauko daga masallaci, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Zinder. Aka ƙone cibiyar al'adun Faransa, aka bi majami'u da gidaje da shagunan Kiristoci, mutane suka rasa rayukansu. Washegari wutar ta kama Yamai, inda 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta. Har yau ina jin nauyin ranar nan a ƙirjina, don waɗanda aka far wa ba su zana komai ba, da yawansu ba su taɓa ganin jaridar ba. Masu fetur da ashana ba su tambayi wace ɗariƙa ce ba. Mishan ɗin Katolika ya ci wuta, majami'un 'yan bishara sun ci wuta. Ɗaruruwan Kiristoci suka fake a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a cikin ɗakunansu.

Da na koma karɓar ɗinkina bayan salla, na ce wa tsohon, "Baba, amsar da ka ba yaron nan ran nan ba ta ishe ni ba." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Ni ma ba ta ishe ni ba, malam. Na faɗa ne don ya yi dariya ya tafi." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya yana wata majami'a tun lokacin da aka rabu. Sun fi shekara ashirin suna gaisawa a suna da jana'iza, amma ba su durƙusa sun yi addu'a wuri ɗaya ba sai a daren Juma'ar nan, a barikin soja, kowa da 'ya'yansa a jikinsa. Na tambaye shi ko sun ci gaba bayan an koma gida. Ya mai da tabarau, ya zura zare a allura. Ya ce, "Wata biyu muka yi. Daga nan kowa ya gyara rufinsa."