Yadda Ake Mayar da Awon Fayafayan Filofi zuwa Ma'aunin Yau

Duk wanda ya saba da kasuwar hatsi ya san cewa mudu sunansa ɗaya ne, amma cikinsa ya kan bambanta daga wannan gari zuwa wancan. To, irin wannan ruɗani ne ya sami awon da aka rubuta a jikin tsofaffin fayafayan kwamfuta da ake kira filofi. Malamin da ya adana kundinsa a kansu tun da can, ko mai kula da ɗakin karatu da ya gaji akwatinsu, idan ya tashi kwashe abin da ke ciki zuwa ma'ajiyar zamani, wajibi ne ya san ainihin abin da kowane faifai ke ɗauka. Hanyar wannan lissafi ce za mu bayyana a nan.

Tushen awon shi ne bayit, watau gurbin da ke ɗaukar baƙi ɗaya na boko, kamar a ko b. Da yake kwamfuta da bibbiyu take ƙidaya, sai masanan farko suka ɗauki bayit 1,024 suka kira shi kilobayit, domin kusancinsa da dubu, alhali kuwa a ma'aunin duniya kilo 1,000 ne daidai. Haka kalma ɗaya ta yi ta ɗaukar ma'ana biyu, har shekarar 1998, lokacin da hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta raba gardamar. Ta bar kilobayit a kan 1,000, megabayit a kan 1,000,000, ta kuma ƙago kibibayit domin 1,024, da mebibayit domin 1,048,576.

Shi faifan filofi, kamfanin IBM na Amurka ya fara fito da shi a 1971, mai faɗin inci 8. A 1976 kamfanin Shugart ya kawo mai inci 5¼, daga bisani Sony ta Japan ta ƙera mai inci 3½. Dukansu tsarinsu ɗaya ne: an zana zobba a fuskar faifan, an yanka kowane zobe yanki-yanki, kuma a tsarin DOS kowane yanki yana ɗaukar bayit 512. Saboda haka mai son sanin cikin faifai sai ya buga yawan fuskoki sau zobba, sau yankuna, sau 512. Mai inci 5¼ da ake ce wa 360 KB yana da fuska 2, zobe 40, yanki 9, sai ya ba da bayit 368,640. Mai inci 3½ na 720 KB yana da fuska 2, zobe 80, yanki 9, watau bayit 737,280.

Wanda ya fi shahara kuwa shi ne na 1.44 MB, wanda ya zo tare da kwamfutocin PS/2 na IBM a 1987. Fuska 2, zobe 80, yanki 18, sau 512, bayit 1,474,560 ke nan. In an raba da 1,000,000 za a sami megabayit 1.47; in an raba da 1,048,576 za a sami mebibayit 1.41. Ina 1.44 ta fito ke nan? Abin da ya faru shi ne an fara rabawa da 1,024 aka sami 1,440, sa'an nan aka raba wannan da 1,000. An fara awo da wani mudu, aka ƙarasa da wani. Don haka megabayit ɗin filofi bayit 1,024,000 ne, bai dace da ko ɗaya daga cikin ma'aunan nan biyu ba.

Akwai kuma wani ragi. Daga yankuna 2,880 da ke kan wannan faifai, DOS ya kan keɓe 33 domin rajistar sunayen takardu da inda kowace take. Saura 2,847, watau bayit 1,457,664, su ne rabon mai rubutu. In muka ƙaddara shafi ɗaya yana da baƙi 2,000, faifan zai ɗauki shafi 700 da 'yan kai na zallar rubutu.

Yanzu sai a gwada da ma'ajiyar yau. Gigabayit ɗaya, watau bayit 1,000,000,000, zai haɗiye cikakkun fayafayai 678, gibibayit ɗaya kuwa 728. Filashi mai gigabayit 16 ya ishi fayafayai fiye da 10,800. Sai dai mai nazarin Hausa ya lura da abu guda: a tsarin UTF-8 da ake amfani da shi yanzu, baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowannensu bayit biyu yake ci, saboda haka yawan bayit ya kan ɗan zarce yawan baƙaƙe.

Shawararmu ga malaman kwalejojin horarwa ita ce su koya wa ɗalibai kada su dogara da lambar da ke jikin faifai. A koma ga bayit tukuna, sa'an nan a raba da ma'aunin da ake nufi, a kuma faɗi sunansa. Masu akwatunan filofi kuwa su hanzarta kwafe su, gama Sony ta daina sayar da su tun 2011, na'urorin karanta su sun yi wuyar samu, maganaɗisun da ke riƙe rubutun kuma yana dusashewa da daɗewa.