Gidan Hardaga: Labarin Maƙwabtaka Daga Sarajevo

A watan Afrilun 1941 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa birnin Sarajevo na ƙasar Bosniya luguden bamabamai. Cikin gidajen da suka rushe har da na wani Bayahude mai suna Josef Kavilio, mai wata 'yar masana'anta a birnin. Ginin da masana'antar take ciki na wani Musulmi ne, Mustafa Hardaga. Da Mustafa ya ji abin da ya faru, sai ya ce wa Josef ya kwaso matarsa Rivka da 'ya'yansu su dawo gidansa da zama.

Gidan Hardaga gida ne na addini da kulle. Mustafa da ɗan'uwansa Izet suna zaune tare da matansu, Zejneba da Bahrija, waɗanda ba sa bayyana gaban baƙon namiji sai fuska a rufe. Amma aka ce matan su daina rufe fuska a gaban Josef. Duk wanda ya tashi a gidan da namiji baƙo ba ya wuce zaure ya san girman wannan hukunci. Ma'anarsa Josef ya tashi daga baƙo, ya zama ɗan gida.

Yahudawan Sarajevo ba jiya suka zo ba. Kakanninsu na cikin waɗanda aka kora daga Sifaniya a 1492, shekarar da daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus ta faɗi, kuma Daular Usmaniyya ta Turkiyya ce ta ba su masauki. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin kasuwa ɗaya da Musulmi da Kirista. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu yawansu a birnin ya kai wajen 10,000. Da Jamus ta ci ƙasar, sai aka danƙa Bosniya a hannun gwamnatin 'yan Ustasha ta Kuroshiya, ƙarƙashin Ante Pavelic, masu bin tafarkin Hitila. Aka tilasta wa Yahudawa ɗaura alamar rawaya, aka ƙwace dukiyarsu, aka shiga kwasar su zuwa sansanoni irin su Jasenovac. Mafi yawansu ba su dawo ba. Su ma suna cikin Yahudawa miliyan 6 da aka hallaka a Turai a wancan zamani.

Ofishin 'yan sandan ciki na Jamus, wato Gestapo, yana daura da gidan Hardaga, kuma a bangon birni an lilliƙa sanarwar cewa duk wanda ya ɓoye Bayahude hukuncinsa kisa. Akwai wani hoto da aka ɗauka a titin Sarajevo a 1941, wanda har yau ake nunawa: Zejneba cikin lulluɓinta tana tafe kafaɗa da kafaɗa da Rivka, ta saki gefen mayafinta ya rufe alamar da ke jikin ƙawarta. Ba ta da bindiga, ba ta da muƙami. Abin da ke jikinta shi ta yi aiki da shi.

Daga baya Josef ya samu ya tura iyalinsa Mostar, inda sojojin Italiya ke riƙe da gari kuma kisan bai kai haka muni ba. Shi kuwa aka kama shi. Saboda dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi ba a kai shi da sauran fursunoni sansani ba, sai aka sa musu mari a ƙafa ana fito da su suna share titi. A nan Zejneba ta hango shi. Daga ranar ta riƙa kai abinci, ba shi kaɗai ba, har da sauran fursunonin. Da ya samu ya tsere, gidan Hardaga ya sake komawa, suka yi jinyarsa. Bayan yaƙi iyalin Kavilio suka dawo Sarajevo da ransu, aka miƙa musu kayan adon da suka bari amana, babu abin da ya yi ciwon kai.

Mai jin labarin nan zai yi saurin cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni dai ina ganin kada a yi gaggawa. Mahaifin Zejneba, Ahmed Sadik, shi ma ya ɓoye wani iyalin Yahudawa, ya taimaka musu suka tsira. Aka kai ƙararsa, aka tafi da shi Jasenovac, can aka kashe shi. Babu sakayyar da ya gani a duniya. Ba don jiran tukuici mutanen gidan nan suka yi abin da suka yi ba. Sun san Josef, sun san 'ya'yansa, kuma abin da rediyon gwamnati ke faɗi a kan Yahudawa bai yi daidai da maƙwabcin da suka sani ba.

Nan ne labarin ya shafe mu. Yawancinmu ba mu taɓa zama unguwa ɗaya da Bayahude ba, amma a majalisa da saƙonnin WhatsApp za ka ji an ɗora wa Yahudawa kowace annoba, kowane tashin farashi, kowace allurar rigakafi. Da yawa daga cikin waɗannan zantuka tushensu wani littafin jabu ne da aka fara bugawa a Rasha a 1903, wanda ya yi iƙirarin tona asirin taron dattawan Yahudawa na mallake duniya. Tun 1921 jaridar The Times ta Landan ta nuna an kwafo sassansa ne daga wani tsohon littafin Faransanci na zambon siyasa da ba shi da haɗi da Yahudawa ko kaɗan. Duk da haka 'yan Nazi suka riƙa yaɗa shi. Wanda ke maimaita irin wannan a yau, farfagandar Turawa masu ƙabilanci yake dako bai sani ba.

Wani zai ce, to Falasɗinawa fa? Tambaya ce mai nauyi, kuma babu mai hana kowa jin zafin abin da ake yi musu ko sukar gwamnatin Isra'ila da babbar murya. Yahudawa da dama ma suna yi. Abin da bai halatta ba shi ne a yi wa al'umma sukutum kuɗin goro, a ɗora wa jariri da tsohuwa laifin mai mulki. Mu da aka sha kallon mu a matsayin 'yan ta'adda saboda aikin wasu tsiraru, mun fi kowa sanin ɗacin wannan. Don haka idan aka saki irin maganar a majalisa, ba sai an yi faɗa ba, tambayar “a ina ka samo wannan?” kaɗai takan rage mata gudu, ko da za a ɗan yi maka kallon banza.

Iyalin Kavilio sun koma Isra'ila, amma labarin gidan Hardaga bai fita daga bakinsu ba, iyaye suna faɗa wa 'ya'ya. Shaidarsu ce ta sa a 1984 cibiyar Yad Vashem da ke Birnin Ƙudus ta karrama iyalin Hardaga da Ahmed Sadik cikin waɗanda suka sayar da rai don ceton Yahudawa. Shekara ta zagayo Zejneba ta je ta dasa itace a can.

Sai ga 1992. Sojojin Sabiyawa suka yi wa Sarajevo ƙawanya, wadda ta kusa shekara huɗu, kuma a wannan karon Musulmin Bosniya ne a bakin kura. 'Yan tsirarun Yahudawan da suka rage a birnin, ta hannun ƙungiyarsu ta agaji La Benevolencija, suka buɗe wuraren raba magani da abinci ga kowa ba tare da tambayar addini ba, suka kuma riƙa shirya ayarin motoci masu fitar da mutane. Zejneba ta tsufa, ba ta da lafiya, tana ɓoye da 'yarta da surukinta da jikarta. Zuriyar Josef suka tashi tsaye, suka matsa wa hukumomi lamba. A farkon 1994 aka fitar da su huɗun cikin ɗaya daga waɗannan ayari zuwa Isra'ila, inda Firaminista Yitzhak Rabin ya yi musu maraba. Zejneba ta rasu kafin shekarar ta ƙare. 'Yarta ta ci gaba da zama a Birnin Ƙudus, ta kuma yi shekaru tana aiki a Yad Vashem.