Tseren kekuna a duwatsun Maroko: kowa da guzurinsa, mai kantin ƙauye ne madogara

A nan wajenmu keke abin neman abinci ne. Da shi ake kai burodi ƙauye, da shi ake ɗauko kaji da ƙwan zabi ranar kasuwa, da shi yaro ke jigilar ruwa ko buhun gawayi. In ka ce wa mai irin wannan keke akwai mutanen da ke biyan kuɗin jirgi su je wata ƙasa, su hau keke su shiga duwatsu kwana da kwanaki, ba hajar kowa suka ɗauko ba, kuma ba a biyansu ko dala, zai ce maka ƙoshi ne ya yi musu yawa. Wataƙila yana da gaskiya. Amma duk ɗan kasuwar da ya duba yadda suke shirya tafiyar zai ga lissafin da ya sani: me za a ɗauka, me za a bari, ina ne zango na gaba, kuma wa za a tarar a can.

Irin wannan tafiya, wato mutum ya ɗaure guzurinsa da shimfiɗarsa a jikin keke, ya bar kwalta ya bi burji da turbar dabbobi, daga Amurka ta yi ƙarfi. A 1997 wata ƙungiyar masu keke ta can ta kammala shata wata doguwar hanya da ke bin doron duwatsun yammacin ƙasar. Tun 2008 ake tsere a kanta, daga garin Banff na Kanada har iyakar Meziko, kimanin kilomita 4,400. Daga nan abin ya bazu a duniya. A 2018 wani mai suna Nelson Trees ya buɗe irin wannan tsere a duwatsun Kirgizistan, a 2020 kuma ya kawo shi nahiyarmu, ƙasar Maroko, da sunan Atlas Mountain Race, wato tseren duwatsun Atlas. A kan wannan na Maroko za mu yi magana yau.

Hanyar da ake bi

Karon farko an tashi ne daga birnin Marrakesh a watan Fabrairu na 2020, aka ƙare a bakin teku kudu da Agadir, kimanin kilomita 1,150. Domin mai karatu ya gane nisan, ya zarce tafiyar Yamai zuwa Damagaram da fiye da kilomita 200. A 2023 aka tsawaita hanyar ta kai wajen kilomita 1,300, aka ƙare a garin Esawira. Wannan kuwa kusan Yamai zuwa Diffa ke nan. Masu shirya tseren sukan sauya hanyar daga shekara zuwa shekara, amma halinta ɗaya ne: kwalta kaɗan, tsakuwa da dutse da busassun koramu da yawa. Ana ba mutum kwana takwas ko makamancin haka ya kammala.

Ba nisan ne ya fi wahala ba, hawan ne. A karon farko, tun ranar da aka tashi sai da aka haye wani dutse da ya haura mita 2,500, wato ya fi dutsen Bagzam na Ayar tsawo, shi da ya fi kowane dutse a ƙasarmu. Gangarowa daga can turbar alfadarai ce, ba ta hawuwa, dole mutum ya sauka ya tura kekensa ko ya saɓa shi. A ƙasan dutsen akwai garin Teluwet, wanda tun zamanin da yana kan hanyar ayarin da ke fitowa daga Sahara zuwa Marrakesh. Ke nan inda raƙuman fatake suka taɓa yin zango, nan masu keke suka yi zangonsu na farko.

Dokokin tseren

Dokokin ba su da yawa, amma suna da tsanani. Ba mota mai bin mutum da abinci ko kayan gyara. Ba a yarda ka shirya da wani ɗan uwa ko aboki ya jira ka a hanya da ruwa ba. Abin da aka yarda shi ne abin da kowa zai iya samu da kuɗinsa: ka sayi abinci a kanti, ka kwana a masauki in ka samu, ka kai kekenka wajen mai gyara in akwai. Agogo ba ya tsayawa. Tun da aka tashi, barcinka da cin abincinka da facinka duk cikin lokacinka suke. Kowa yana ɗauke da wata ƴar na'ura da ke nuna inda yake ta tauraron ɗan Adam, da kuma kati da ake buga wa hatimi a wurare ƙalilan da aka ware. Wanda ya zo na ɗaya ba ya samun kyautar kuɗi. Maza da mata tare suke tashi, hanya ɗaya suke bi.

Kayan tafiya

A nan ne lissafin yake. Keken da suke hawa mai giya ne da yawa, mai faɗin taya, santimita 5 zuwa 6, don ya riƙe tsakuwa da rairayi. Mafi yawansu ba sa sa kariya irin ta kekunanmu, domin girgizar dutse tana kwance kusoshinta ko ta karya ta, kuma jakunkunan da ke rataye a gefe suna hana tura keke a ƙunƙuntar turba. Maimakon haka jakunkuna ne na yadi mai ƙarfi da ake ɗaurewa da maɗauri a jikin keken kansa. Ɗaya tana cike kusurwar tsakiya, tsakanin ƙafafun mahayi. Nan ake sa masu nauyi, wato ruwa da kayan gyara da abinci. Ɗaya tana bayan sirdi, ta tufafi. Ɗaya tana gaban hannun keke, ta shimfiɗa. Sai ƴan ƙanana kusa da hannu, na dabino da biskit, don mutum ya ci yana tafiya.

Ƙa'idar ita ce: nauyi a tsakiya kuma a ƙasa, mai yawa marar nauyi a gaba da baya. Waɗanda ke neman zuwa da wuri sukan yi ƙoƙari keke da kaya duka kada su wuce kilo 20 sosai. Don haka kowane abu sai an tambaye shi amfaninsa kafin ya shiga jaka. Tanti ba ya shiga wajen da yawansu; wani buhu ne marar shan ruwa da mutum ke shiga ciki da bargonsa ya kwanta a gefen hanya. Tukunya da murhu ba sa shiga. Amma rigar sanyi da safar hannu dole ne, domin a watan Fabrairu rana tana da zafi a kwari, da dare kuwa a saman dutse ruwa kan daskare a gora. Fitila ma dole ce, tun da ana tafiya cikin dare; wasu suna da dinamo a cibiyar ƙafar gaba, tana ba fitila wuta tana cajin waya da na'urar nuna hanya.

Abin da zai fi jan hankalin duk wanda ƙaya ta taɓa tsayar wa a hanyar kasuwa shi ne tayarsu. Ba ta da robar ciki. Ana zuba mata wani ruwa mai kauri kamar madara, na danƙon roba. In ƙaya ta huda ta, iska na tura ruwan zuwa hudar, ya daskare ya toshe ta, mahayi bai ma sani ba. In hudar babba ce, ana cusa mata wani guntun zare mai danƙo. Duk da haka ba wanda ke fita ba tare da robar ciki ta ko-ta-kwana ba, da famfo, da kayan faci, da ɗan guntun sarƙa, wasu har da allura da zare mai ƙarfi don ɗinke taya in dutse ya yage ta. Aibin ruwan shi ne yana bushewa bayan ƴan watanni, musamman a ƙasa mai zafi, sai an ƙara.

Kuɗi kuwa ba a magana. Akwai kekunan da ke kai miliyon 2 zuwa 4 na sefa, ban da jakunkuna da kuɗin jirgi. Sai dai tsadar keke ba ta taɓa kai kowa bakin teku ba. Kowace shekara mutane da yawa suna janyewa a hanya, wani gwiwa, wani ciwon ciki, wani sanyi, wani kuma kekensa ya lalace inda ba mai gyara.

Ruwa da mai kanti

Tun da ba a ɗaukar abincin kwana takwas a keke, dogaron kowa bayan Allah yana kan ƙananan kantunan ƙauyukan da hanya ta ratsa. Kafin a tashi, mai hankali yakan rubuta su ɗaya bayan ɗaya: kanti kaza a kilomita kaza, rijiya ko famfo a wuri kaza. Akwai inda mutum zai yi kusan kilomita 100 bai ga abin saya ba. A kan kwalta wannan tafiyar ƴan awoyi ce. A cikin dutse tana iya cinye yini. Wanda ya ɗauki ruwa kaɗan don ya yi sauri ya sa kansa cikin haɗari, wanda ya ɗauka da yawa kuma nauyi ya ja shi baya a hawa. Tsakanin waɗannan biyu kowa ke neman daidai.

Abin da suke saya ba baƙo ba ne gare mu: burodi, sardin na gwangwani, soyayyen ƙwai da tumatir, shayi mai na'ana'a, dabino, biskit, lemun kwalba da ruwa. Kuɗin hannu ake biya, dirhamin Maroko, kuma ƙananan takardu sun fi amfani, domin mai kantin ƙauye ba kullum yake da canji ba. Lokaci ma lissafi ne. Wanda ya iso ƙauye ƙarfe 2 na dare zai tarar da ƙofa a rufe; ko dai ya kwanta ya jira safiya abokan tserensa su wuce shi, ko ya ci gaba da abin da ya rage a jakarsa.

Uwar gida mai sayar da abinci a tasha ta san ɗaya gefen wannan magana. Ƙauyen da ba ya ganin baƙi sosai, sai ga mayunwata fiye da 100 suna ratsa shi cikin kwana biyu ko uku. Mai kantin da ya ji labari ya tanadi burodi da ƙwai da ruwa, ya kuma yarda ya kai dare, ya yi ciniki. Wanda bai shirya ba, na gaba-gaba za su kwashe abin da ke kantarsa, na baya su tarar da ita wayam.

Wanda ya fi kowa sauri, da abin da ya tsayar da shi

Wanda ya ci karon farko a 2020 Bafaranshe ne, Sofiane Sehili, wanda ya taɓa yin aikin kai saƙo a kan keke a birnin Paris. Ya gama cikin kwana 3 da awa 21 da minti 50, kuma barcin da ya yi a duk tafiyar bai kai awa 3 ba. A cikin mata, Jenny Tough, ƴar asalin Kanada, ita ta fara isa. Sehili ya ci gaba ya ci tseren Kirgizistan sau uku a jere, 2021 da 2022 da 2023, ya kuma ci na Kanada zuwa iyakar Meziko a 2022.

To amma abin da dutse da sanyi suka kasa yi masa, iyaka ta yi. A watan Yuli na 2025 ya tashi daga Lisbon ta Fotugal da niyyar ya ratsa Turai da Asiya har Vladivostok, a ƙarshen gabashin Rasha, da saurin da ba a taɓa yi ba. Bayan wata biyu yana tafiya, saura kimanin kilomita 200, ya iso iyakar Sin da Rasha. Yana da biza, amma a mashigar da ya samu ba a yarda a ƙetare a kan keke ba, in kuwa ya shiga jirgin ƙasa bajintar da yake nema ta ɓaci. Sai ya bi ta daji. Aka kama shi a farkon Satumba, ya yi kusan kwana 50 a tsare kafin kotu ta sake shi a Oktoba. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsayuwa gaban ma'aikatan duwan ya san darasin: ba riƙe takarda kawai ba, a san wace ƙofa ce takardar ke buɗewa.

Abin da za mu ɗauka

Ba muna cewa mai kai burodi ya nemi keken miliyon ba. Shi da ke ɗaukar buhu a kan keke marar giya cikin rairayi, wataƙila ya fi da yawansu ƙarfin ƙafa. Amma akwai abin da ba ya cin ko jikka. In za a ɗaura kaya, a sa mai nauyi a ƙasa, a raba shi dama da hagu daidai, kada a tara komai a kan ƙafar baya, domin abin da ke tsinka wayoyin ƙafa ke nan. A duba taya da birki da sarƙa tun da dare, ba da asuba ana sauri ba. Famfo da kayan faci su zauna a keke kullum, haka ruwan sha da fitila. Uwar da ke aiken ɗanta kasuwar ƙauye da haja ta tambaye shi waɗannan kafin ya fita, ta kuma san ta wace hanya zai bi da lokacin da ya kamata ya dawo. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya ba da kasuwa, ya maido kowane matafiyi gida lafiya.